Ranar da Inna Ta Yi Magana a Miƙe

A gidanmu na Dawakin Kudu magana ba ta da ciki da waje. Mahaifina malami ne, yana da makaranta a zaure da gona a bayan gari, kuma abin da ya faɗa shi yake nufi, ba ragi ba ƙari. Idan yaro ya ce masa yunwa za ta kashe shi, sai ya ɗago kai daga littafi ya dube shi da kyau ya ce, "Ba za ta kashe ka ba, ka ci ɗumame da safe." Wata rana mahaifiyata ta yi mini faɗa, ta ce ta kira ni sau dubu ban amsa ba. Daga cikin ɗakinsa muka ji ya ce, "Bai kai dubu ba, ina ji."

Abin dariyar shi ne, shi ɗin nan ne yake karantar da manyan ɗalibai ilimin balaga bayan la'asar. Ina wanke-wanke a tsakar gida ina jin sa yana warware musu yadda Larabawa suke kiran jarumi zaki, su kira mai kyauta teku. Yana jin daɗin karatun ƙwarai, har muryarsa takan canza. Amma da ya rufe littafin ya shigo gida, shi ke nan, zaki ya koma daji.

Da wannan tarbiyya aka kai ni ɗakin miji, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal. Mijina manomi ne. Ya taɓa zama a zauren mahaifina yana ɗaukar karatu, a nan ya gan ni, ni ma ba zan ce ban gan shi ba. Da bazara aka kai ni, lokacin da ko'ina a garinmu ya bushe ƙayau, sai ga ni a tsakiyar kore shar, alkama ta nan, albasa ta can, ruwan dam ɗin Tiga yana gudu a kanal kamar ba shi da labarin rana. Matan da suka tarbe mu suka ce, "Ai mu nan da rani muke damina." Na yi murmushi don ladabi. A raina na ce da Baba yana nan da ya nemi a zaɓi ɗaya.

Uwar mijina ce take riƙe da gidan tun rasuwar maigidanta. Siririya ce, gajera, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta je Makka kafin aurena, ta dawo da haƙorin zinare guda a gefen hagu na bakinta. Mutanen gari suna ce mata Hajiya, mu a gida Inna.

Ranar da na fara girki bayan an watse daga biki, tuwon masara na yi da miyar kuɓewa ɗanya. Gishiri ya zarce. Na kai mata kwanonta na durƙusa. Ta kai loma ɗaya, ta juya ta a baki a hankali, ta dube ni.

"Sannu, 'yar Malam. Gishiri tsada yake a garinku? Ai wannan bai ji ba. Gobe ki ƙara."

"To, Inna."

Washegari na ƙara. Ni kaina da na ɗanɗana sai da idona ya kawo ruwa, amma na ce wataƙila mutanen bakin ruwa haka suke son abinsu. Mijina ya taɓa kaɗan, ya sha ruwa da yawa, ya ce shi yau ba ya jin yunwa sosai. Inna kuwa ta ɗanɗana, ta ajiye kwanon, ta tafa hannu.

"Yauwa! Yanzu kika kama hanya. Saura ƙiris."

Allah ne ya tsare gidan nan, ƙanwar mijina ta shigo ɗibar wuta kafin in sauke tukunyar rana ta gaba. Tana aure a maƙwabta, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma tun ranar da aka kawo ni take ce mini matarmu tana tsokanata. Ta same ni tsaye a kan miya da gishiri cike da tafin hannu.

"Matarmu, jima za ki yi ko miya?"

Na gaya mata abin da Inna ta ce. Ta saki kaskon wutar, ta riƙe ciki, ta dinga dariya har ta zauna a ƙasa. Da ƙyar ta iya magana.

"Gatse ne! A garinku ba a yi?"

"Ana yi. A gidanmu ne ba a yi."

"To saurara, in ba haka ba za ki kashe mana yaya. Duk lokacin da Inna take magana, bar kallon ƙasa, dubi bakinta. In kika ga haƙorin Makka ya leƙo, juya maganar. In bai leƙo ba, ɗauke ta yadda ta zo."

Haka na fara sabon karatu. Da gaske ne kuwa, idan Inna za ta yi gatse gefen bakinta na hagu yakan ɗan ɗaga, zinaren ya yi wal. "Zauna ki huta, ai tsakar gidan za ta share kanta." Wal. Sai in ɗauki tsintsiya. "Miƙo mini faifan can." Babu wal. Sai in miƙo faifai.

Matsalar ita ce Inna ba kullum take fuskantar mutum ba. Wata rana ta shanya yankakken tumatir a kan tabarma ta zaga bayan ɗaki, awaki suka kwance suka afka masa. Ina tsaye ina tunanin ko da saninta ne, sai na ji muryarta daga bayan katanga: "Bar su su ci, 'yar Malam, ai dominsu na zauna na yanka!" Maimakon in kori awakin, sai na kwasa da gudu na zaga bayan ɗakin don in ga bakinta. Muka yi kiciɓis a lungu, ni ina leƙen haƙori, ita tana neman sanda. Kafin mu dawo awaki sun yi rabin tabarma. Inna ta dube ni, ta dubi awakin, ta ce, "Allah mai halitta," ta shige ɗaki.

Daga nan kuma sai abin ya yi mini yawa, na koma zargin kowace magana. Maƙwabciya ta ce tuwona ya yi daɗi, sai in bi bakinta da kallo. Ranar wani suna na ɗaura sabuwar atamfa, mijina ya dube ni ya ce na yi kyau. Na ce me ya sami zanen? Ya ce babu komai, kyau ya yi. Na shiga ɗaki na canza. Da na fito ya ga wani zanen daban, ya riƙe haɓa ya ce, "Ke, ni fa ban je Makka ba."

Sannu a hankali na gane gatsen Inna ba a warwatse yake ba, yana da inda ya dosa. Idan alkama ta yi kyau aka tambaye ta gona, sai ta ce, "Bana dai sai haƙuri." Akuyar da ta fi kowace ƙiba da nono ita ce "ramammiyar can." Mijina, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, "wancan malalacin" take ce masa, mutumin da tun kafin rana ta fito yana gona da tiyo a hannu yana ban ruwa. Amma akwai wata mata mai yawo da zance gida-gida, da ta yi sallama sai Inna ta washe baki: "Maraba da mai alheri! Gidan ya yi haske." Wanda duk Inna ta yi wa zaƙin baki, to ya binciki kansa. Ranar da ta fara ce mini ja'ira, ƙanwar mijina har guɗa ta yi, ta ce na zama 'yar gida.

A shekara ta biyu ne tumatir ya yi irin albarkar da ba a so. Kowa ya shuka, na kowa ya yi, kuma duk ya nuna lokaci guda. Kwanduna suka yi layi a bakin titi, motocin da suke kai shi kudu suka cika suka bar saura yana tsiyaya a rana. Maza suna dawowa gida suna cewa, "Bana mun samu har mun rasa." Wannan maganar ban nemi haƙorin kowa a kanta ba, don na gani da idona, ta kowane gefe ka ɗauke ta gaskiya ce. Mu mata muka duƙufa yanka don a yi kauda. Rufin ɗaki, tabarmi, buhuna, har kan katanga, ko'ina ja. Ina da ƙaramin ciki a lokacin, warin tumatir yana tayar mini da zuciya, amma na ƙi tashi. Inna takan harare ni ta ce, "Yi ta yi, kada ki huta, ki faɗi mana a nan mu sami abin faɗa wa iyayenki." Sai in tashi in je in kwanta, ita kuma ta ja kwandona gabanta.

Cikin wannan hidima mahaifina ya zo. Ta'aziyya ya je Bunkure, ya ga bai kamata ya wuce bai gaisa da surukai ba. Aka yi masa shimfiɗa a zaure. Inna ta yafa mayafi ta zo ta tsuguna a bakin ƙofar da take shiga cikin gida, ni kuma ina gefenta da kwanon fura. Baba yana zaune kansa a sunkuye, idonsa a kan carbinsa, kamar yadda ya saba a gaban matar da ba tasa ba. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gona, aka tambayi ɗalibai. Sannan ya ce:

"Yaya yarinyar? Ina fata ba ta ba ku wahala."

"Wahala kai, Allah gafarta Malam! Ai tun da kuka kawo mana ita ba mu huta ba. Ba ta iya girki ba, ba ta iya gaida mutane ba, ga barci har rana ta take. Ga rowa. Mu dai mun karɓi ƙaddara."

Daga inda nake ina ganin haƙorin nan yana walƙiya tun daga farkon maganar har ƙarshenta. Daɗi ya kama ni har na sunkuyar da kai. Tun da na zo gidan Inna ba ta taɓa yabona haka ba, kuma a gaban mahaifina. Ban lura carbin Baba ya tsaya ba.

"Inna lillahi," in ji shi a hankali. "Allah ya shirya."

"Amin, in mai shiryuwa ce," in ji Inna.

Bai sha furar ba. Ya ce rana tana yi, ya yi sallama ya tafi. Na gaishe shi a ƙofa, ya amsa bai dube ni ba, na ɗauka gajiya ce.

Ba a jima ba saƙo ya zo cewa a turo ni gida. Kowa ya ɗauka goyon ciki ne, ko da yake lokacin bai yi ba. Inna ta ce malamai da gaggawa, ta haɗa mini kaya, mijina ya raka ni tasha.

Washegarin isowata, da hantsi, Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya sa na zauna, ya karanto mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, yadda Inna ta jero su, bai tsallake ko rowa ba. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya ce zan zauna a gida mahaifiyata ta sake koya mini abin da ya kamata a ce na sani.

"Baba, gatse ne fa."

"Kin iya girki?"

"Na iya."

"Ta ce ba ki iya ba. Ɗayarku ba ta faɗi daidai ba, kuma ba zan ce dattijuwar da ta je ɗakin Allah ce ba."

"Ba ƙarya ta yi ba, Baba. Yabona take yi."

"Da rowa?"

Can sai karatun bayan la'asar ya faɗo mini.

"Baba, ba kai kake karantar da yabon da ya yi kama da zargi ba? Ina jin ka daga tsakar gida."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga alamar abin ya ɗan yi masa daɗi, wai ashe ina saurare. Ya gyara zama, muryarsa ta koma ta zaure.

"Akwai shi. Babi ne mai kyau. Amma malamai sun sa sharaɗi. Duk maganar da ba zahirinta ake nufi ba, dole a sami alamar da za ta nuna wa mai sauraro haka. In babu alama, magana tana nan a kan zahirinta. Ina alamar?"

"Haƙorinta."

"Haƙori?"

Na yi masa bayanin haƙorin Makka, yadda yake leƙowa da yadda yake ɓuya. Yana saurare, fuskarsa tana ƙara tsukewa.

"Wato so kike in ɗaga kai in tsura wa bakin surukata ido?"

Daga madafa muka ji mahaifiyata ta kama tari, irin tarin da ba hayaƙi ne ya kawo shi ba.

"Alamar da mai sauraro bai gani ba, ba ta zama hujja a kansa," in ji Baba. "Da kunnena na ji ƙara. Da kunnena zan ji an janye ta."

Mijina ya zo a kan babur, ya durƙusa a zaure, ya rantse cewa uwarsa haka take magana, shi kansa malalaci take ce masa. Baba ya ce wannan tsakaninsa da mahaifiyarsa ne, kuma in haka ne ya dage da aiki. Mijina ya koma jiki a sanyaye.

Abin da ya faru a can gidan, ƙanwar mijina ce ta ba ni labari daga baya. Da aka gaya wa Inna sharaɗin Malam, cewa ta yi, "To su riƙe abarsu. Ai mun huta." Sai kuma ta shiga faɗa da awaki ba dalili. Kullum sai ta buɗe ɗakina ta share, wai don ɓeraye. Ta daina cin tuwon dare sosai, ta ce na ƙanwar mijina gardi ne ya yi masa yawa. Duk wanda zai zo wajenmu sai ta ba shi ƙullin kauda da albasa ta ce, "A kai wa malalaciyar." Ɗan aiken kuwa ya isar da saƙo yadda aka ba shi, a zaure, a gaban Baba. Baba ya shigo ya ce wa mahaifiyata, "Kin ji ko? An ƙara wani."

Sai da cikina ya tsufa sannan Inna ta sauko. Wata safiya muka ji sallama, sai ga ta da sabon mayafi, ƙanwar mijina tana biye da ita da kwando a ka. Aka shigar da su ɗakin mahaifiyata, aka kawo ruwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "An dai rame," alhali na yi ƙiba har zobe ya matse ni.

Baba ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ta waje, labule a tsakani. Bayan gaisuwa ya tafi kai tsaye, yadda ya saba.

"Hajiya, magana ɗaya ce. Abin da kika gaya mini a kan yarinyar nan, haka ne ko ba haka ba ne?"

"Ai Malam, kowa ya gan ta ya san irin..." Gefen bakin ya fara ɗagawa. Ƙanwar mijina ta taɓa ta da gwiwar hannu. Inna ta kai mayafi ta rufe bakinta.

"Haka ne, ko ba haka ba ne?"

Inna ta sauke mayafin daga bakinta. Na ga zufa ta tsattsafo mata a goshi, matar da take wuni a rana tana yankan tumatir ba ta ce wash ba.

"To... ba laifi."

"Mene ne ba laifi?"

"Girkin nata. Ana ci."

"Ana ci don dole, ko don daɗi?"

"Malam, ai ba a barin saura."

"Hajiya, yunwa ma tana sa a cinye kwano. Ni ba mai gane zagaye ba ne. Ki taimake ni."

Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Da ta buɗe baki, wata murya ce ta fito wadda ban san ta da ita ba, ƙasa-ƙasa, babu ko ɗigon wasa.

"Allah gafarta Malam, bari in gaya maka. Tsakanin wancan da wannan da take zaune," ta nuna ƙanwar mijina da haɓa, "na haifi waɗansu. Akwai wata, mace, mai manyan idanu. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ce kai, wannan 'ya da kyau take. Ni ma na biye musu, ina faɗa safe da yamma. Ba ta kai yaye ba. Na bayanta namiji ne, mai wayo, har ya fara tafiya. Shi ma na yi ta faɗa. Tun daga kansa na ɗaure bakina. Abin da nake so, ba na nuna wa duniya inda yake."

Mahaifiyata ta share ido da gefen zane. Ƙanwar mijina ta sunkuyar da kai, na gane ita ma ba ta taɓa jin wannan daga bakin uwarta ba.

"Allah ya sa masu ceto ne," in ji Baba daga bayan labule, a tausashe. "Ba bakinki ne ya ɗauke su ba, Hajiya, kwanansu ne ya ƙare. Kambun baka akwai shi, ban musa ba. Amma ba a bar mu haka ba, an ba mu abin da za mu riƙe. Ki ce tubarkalla, sannan ki yabi abinki. Wanda ya ba ki shi ne zai tsare miki."

Inna ta ja dogon numfashi kamar mai shirin ɗaga buhu.

"Tubarkalla. Masha Allahu." Ta tsaya. "Yarinyar kirki ce. Ta iya girki. Tana riga ni tashi. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ko na yi mata abin da za ta ɗaga. Tun da ta zo gidana..." Ta sake tsayawa. "Ina jin daɗi. Da ta tafi gidan ba daɗi."

Sai ta juyo ta gan ni ina kallonta, hawaye yana zubo mini.

"Ke kuma me kike kallo? Da ke ake magana? Toshe kunnenki!" Ta juya wajen labule. "Na faɗa, Malam. Don girman Allah kada a sake sa ni."

"Na ji, kuma na gamsu," in ji Baba. "Allah ya saka da alheri. Ni ma a yafe mini, na wahalar da ke."

Inna ta gyara mayafi, ta ce to in tashi in haɗa kayana, kada su rasa mota. A nan ne mahaifiyata, wadda ba ta ce uffan ba tun da aka fara, ta yi gyaran murya ta ce ai yanzu kuma lokacin goyon ciki ya yi, haihuwar fari a gida ake yi, sai bayan arba'in.

Inna ta dube ta, ta dubi labule, ta dubi cikina.

"Wato duk zufar nan da na yi, a banza?"

Har Baba sai da ya yi dariya, muna jin sa.

Namiji na haifa. Ranar suna da safe, bayan an raɗa, aka kawo wa Baba jaririn a tsakar gida. Inna tana zaune a kan tabarma cikin mata, ta zo tun jajibere da kayan barka. Baba ya karɓi yaron, ya yi masa addu'a, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi kafin ya fara sabon babi.

"Hajiya," ya ce, idonsa a kan yaron, "wannan jikan naki... mummuna ne."

Kowa ya san kaka da jika abokan wasa ne, da wani tsohon ne ya faɗa ba wanda zai waiga. Amma daga bakin Baba, gidan gaba ɗaya ya yi shiru, har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Shirun ya firgita shi.

"Wato ba haka nake nufi ba," ya ce da sauri. "Kyakkyawa ne, tubarkalla. Gatse na yi. Ku shaida, ban nufi zahirin maganar ba."

Mata suka fashe da dariya, Inna har da kwanciya a jikin ta kusa da ita. Baba ya miƙa yaron, ya saka takalmansa, ya nufi zaure da sauri kamar an kira shi. Da yamma mahaifiyata ta ce ya tambaye ta ko tana ganin yaron ya ji, ya kuma sa a toya waina a raba wa ɗalibai sadaka. Bai sake gwadawa ba har ya bar duniya.

Da muka yi arba'in, Inna da kanta ta zo ɗaukarmu. Mota ta sauke mu a bakin titi, muka bi gefen kanal a ƙasa, an fara gyaran gonaki don sabon ban ruwa. Ita ta goya yaron. Duk tsawon hanyar tana mita, wai nauyi gare shi kamar buhun albasa, wai zai karya mata baya, wai ga shi da kuka irin na ubansa. Ƙanwar mijina ta tarye mu a hanya ta miƙa hannu za ta karɓe shi. Inna ta goce, ta ƙara tamke majanyi, ta wuce gaba abinta.